Yadda Na Ƙona Janaretana a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata ba, kuma ko na so mantawa akwai masu tuna min kyauta. Ni malamin Fiziks ne a wata sakandare a Dutse. Aikina ke nan tun da na gama karatu, in tsaya gaban allo in gaya wa yara cewa wutar lantarki ba tsafi ba ce, lissafi ce. In ka san bolt, wato ƙarfin da ke tura wutar, ka kuma san amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, to ka gama. Bolt sau amfiya shi ne wat, abin da na'ura ke ci ke nan. Bolt a raba da amfiya shi ne om, ma'aunin turjiyar da na'urar ke yi wa wutar. Na maimaita wannan har ya zama ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. (Matata Habiba ta ce ta taɓa gwadawa, kuma na kawo.)

Surukaina Fulani ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye bayan Aujara. Shanu na nan, gona na nan, 'ya'yan gidan kuma kowa ya kama abin yi. Buba, ƙanen Habiba, hatsi yake saye yana sayarwa a Ringim, kuma Allah ya buɗa masa. Duk sha'anin da ya taso a gidan, Buba zai sauke buhunan shinkafa, wani surukin ya turo rago, ni kuma in zo da goro da sabulu da shawara. Ba wanda ya taɓa ce min komai, don gidan ba a cewa komai, amma mutum yana ganin inda ake shimfiɗa masa tabarma. Na daɗe ina neman ranar da za a ce yau ga abin da malam ya yi wanda kuɗi ba su yi ba.

Ranar ta zo lokacin da aka zauna shirin walima a gindin darbejiyar ƙofar gida. Baffa, mahaifin Habiba, ya ce an gayyato wani babban malami daga Ringim zai yi wa'azi, ana so kowa ya ji, ga shi kuma lokacin zafi ne. Turakun wuta suna nan a ƙauyen, amma wutar kanta sai dai labari. Buba ya ce zai ɗauko hayar babban janareta daga Dutse, irin wanda ake ja da mota. Nan na yi gyaran murya, na ce ai ba sai an yi wannan ɓarnar ba, ƙaramin nawa na gida ya isa.

Buba ya yi dariya. Ƙanen mata ne, akwai wasa tsakaninmu, kuma yana cin moriyar wasan fiye da yadda al'ada ta tanada. Ni kuwa na ɗauki tsinke na share ƙasa da tafin hannu na fara darasi. Injina yana ba da wat dubu biyu da ɗari biyar. A kan bolt ɗari biyu da ashirin, hakan na nufin amfiya goma sha ɗaya da 'yan kai. Na jera lasifika, na jera fankoki shida na rumfar maza, da firiza ta zoɓo da kunun aya a cikin gida, har cajin wayoyin mata ban manta ba. Duka suka tashi wat dubu ɗaya da ɗari uku. Na ja layi a ƙarƙashi, na ce kusan rabin injin ma zaman banza zai yi.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasar. Sannan ya ce, "To, malam ya lissafa." Aka rufe maganar. A hanyar komawa Dutse har waƙa na yi a kan babur.

(Akwai abu ɗaya da ban rubuta a ƙasar ba. Makunnin da ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa inji yawa ya daɗe da lalacewa, mai gyara ya haɗe wayoyin kai tsaye ya ce in kawo sabo, ban kawo ba. A ganina wannan makunni an yi shi ne don waɗanda ba su iya lissafi ba.)

Kafin in ci gaba sai na yi bayanin Inna, mahaifiyar Habiba. Tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa kallon tawa ba. Idan na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake durƙusawa, ita tana can bayan labule, kuma yawanci Goggo, ƙanwar Baffa, ce ke amsawa a madadinta. Idan muka hango juna a hanya, ɗayanmu zai tuna yana da uzuri a cikin gonar wani. Na san muryarta, na san takalmanta, iyakar sanin ke nan. Habiba kuma 'yar fari ce, don haka ita ma ba ta zama su yi hira da Inna, ko sunanta Inna ba ta kira. Duk maganar da za ta shiga wurin Inna daga ɓangarenmu sai ta bi ta hannun Goggo.

Ana gobe walima na je na ja wayoyi. Ɗaya ta tafi rumfar maza, ɗaya na haura da ita ta kan katanga zuwa wata rumfar kara da ke bayan ɗakin Inna, na ɗaure soket mai baki huɗu a jikin gungume. Kafin in shiga sai da aka raka Inna maƙwabta, kamar za a yi feshin maganin sauro.

Ranar walima na sa farar shaddata mai sitaci, na rataya mitar da na aro daga ɗakin gwaje-gwajen makaranta, mai baki kamar filaya, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi amfiyar da ke wucewa. Bayan azahar na ja igiya, inji ya tashi, fankoki suka juya, lasifika ta ce a gwada a gwada. Na maƙala mita, ta ce amfiya shida. Shida sau ɗari biyu da ashirin, dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin. Na kira Buba na nuna masa, na nuna wa mutum biyu da ba su tambaya ba. Malamin Ringim ya zauna ya fara wa'azi, ni kuma na ja kujera kusa da inji na harɗe ƙafa.

Ba a yi nisa ba na ji muryar inji ta canza. Wanda bai saba ba ba zai lura ba, amma ni na ji ya koma nishi kamar jakin da aka ƙara wa mangala. Na maƙala mita, ta ce goma da rabi. Wani abu ya shigo yana jan amfiya huɗu da rabi, kuma ta wayar cikin gida yake ja. Na buga a kaina, wat ɗari tara da casa'in. Na raba bolt da amfiya, om arba'in da tara. Na san mai wannan turjiyar. Hita ce, irin wadda ake tsomawa a bokiti ta tafasa ruwa. Kuma ba kowace hita ba, wadda na saya wa Inna ce da azumin da ya wuce. Kafin in naɗe ta a leda sai da na kai ta aji na auna ta a gaban ɗalibai, har na ba su jinga a kanta.

Yanzu inji yana bakin gaɓa, abin da ya rage masa bai kai amfiya ɗaya ba. Na aika aka kira min Habiba zaure. Na ce mata a cire hitar nan yanzu, in ba haka ba inji zai ƙone. Ta kalle ni kamar na ce ta je ta mari wani. Ta ce duk murhun gidan tukwane ne a kai, ana neman ruwan shayin baƙi, sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da hitar a cikin ledarta, ba a taɓa kunna ta ba tun da aka kawo. Ta tara mata ta ce surukinta ne ya sayo, yau kuma surukinta ne ya kawo wutar. A halin yanzu, in ji Habiba, akwai tsofaffi sun kewaye bokiti suna kallon ruwa yana tafasa ba itace, suna sa min albarka.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma na ce duk da haka a cire.

Daga baya na bi sawun saƙon nan na gano yadda ya yi tafiya. Habiba ta sami Goggo ta ce malam ya ce ko za a ɗan sassauta wa hitar saboda inji. Goggo ta auna ta ga ba a shiga gaban baƙi a ce wa mace surukinta ya ba da umarni, sai ta gyara masa zama. Abin da ya isa kunnen Inna shi ne surukinta yana gaisuwa, ya ji an kunna hita, yana tambaya ko wutar tana isar su. Amsa ta dawo ta hanyar da saƙon ya bi. Inna ta gode, Allah ya yi albarka, wuta ta wadata, kuma tunda haka ne an aika maƙwabta a aro dutsen guga na lantarki a goge kayan da amarya za ta sa.

Dutsen guga yana cin wajen wat dubu. Wannan ba ya buƙatar tsinke. Dubu uku da ɗari uku a kan injin dubu biyu da ɗari biyar, kuma ba makunnin da zai cece shi.

Na duba hanyoyin da suka rage min. In kashe fankoki, dattawa su jiƙe da gumi, kowa ya san lissafi ya gaza. In zare wayar cikin gida gaba ɗaya, firiza ta tsaya, mata su aiko a tambaya, ga Buba zaune kusa da inji yana kallona yana murmushi tun da muryar injin ta canza. Sai na ga hanya ta uku, wadda a lokacin ta yi min kama da hikima. In zaga ta baya, in shiga ta ƙofar da ake fitar da shanu, in zare filogin hitar shiru in fito. Ruwa ya riga ya tafasa, ba wanda zai lura da wuri. Inji zai iya ɗaukar ɗaya, biyu ne ba zai ɗauka ba.

Na tashi kamar mai zuwa kama ruwa. Na bi ta turken shanu ina tattare shadda, na sunkuya ta ƙarƙashin danga, na ƙarasa rumfar karan da rarrafe don kada a hango hulata daga tsakar gida. Ga soket a jikin gungume, ga baƙar wayar hita ta bi ta ƙarƙashin zana zuwa inda nake jin hayaniyar mata. Na kama filogin, yana da ɗumi, na zare. Daga nesa na ji inji ya sauke numfashi. Ni ma na sauke.

Da na juyo sai na ga takalma. Na san su.

Inna ce da kanta, riƙe da dutsen guga. (Ashe ba ta yarda kowa ya taɓa soket ɗin surukinta ba, kada yara su lalata.) Ban ga fuskarta ba, don kafin in ɗago ta riga ta ja mayafi ta juya ta fuskanci katanga. Ni kuwa dama a durƙushe nake, don haka ta wannan fannin an same ni cikin shiri. Na ce, "Barka da yamma, Inna."

Ba Goggo, ba labule, ba gonar da za a shiga. Can sai ta ce wa katangar, "Sannu da ɗawainiya. Gyara ake yi?"

Na ce wa ƙasa, "Gyara ake yi."

Ta ce Allah ya yi albarka. Sannan ta sunkuya ta ajiye dutsen gugar a tsakaninmu, ta ɗan turo wayarsa wajena, ta koma ta tsaya tana kallon katanga.

Maganar da ya kamata in faɗa tana nan a bakina, gajeriya ce, Inna inji ba zai ɗauka ba. Na faɗa wa shugaban makaranta abin da ya fi wannan nauyi. Na taɓa tsayawa gaban masu duba makarantu na ce musu littafin da suka kawo akwai kuskure a ciki. Amma a rumfar nan, da filogin kyautar da na ba ta a hannuna, na buɗe baki na ji ba komai a ciki sai yawu. In na faɗa, na ce mata ta yi laifi ke nan, a gidanta, ranar bikin 'yarta, a karo na farko da muka taɓa magana ba ɗan aike. Kunya ta rufe ni tun daga hula har tafin ƙafa.

Sai na mayar da filogin hita inda na zare shi. Na ɗauki na dutsen guga, na yi bisimilla, na soka shi a bakin da ke kusa. Da hannuna, ina sane, har ina iya faɗin amfiyar, goma sha biyar.

Inji ya yi wani dogon gurnani kamar sa a hannun mahauta. Muryar malamin Ringim, wadda ke tahowa ta saman katanga yana bayanin zaman aure, ta sirance, ta yi rawa, ta ɗauke a tsakiyar kalma. Bayan haka sai ƙaurin ƙonanniyar waya ya biyo iska ya iso har inda muke.

Inna ta ce wa katanga, "Kamar an ɗauke."

Na ce, "An ɗauke, Inna."

Na fita ta inda na shigo, da baya da baya.

A rumfar maza na tarar fankoki suna juyin ƙarshe, Buba yana kore hayaƙi daga kan inji da hularsa. Koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin inji, ya ƙone, ba zancen sake tayarwa. Malam ya ci gaba da wa'azi da muryar da Allah ya ba shi, sahun gaba suna ji, na baya suna fifita da murfin kwali suna hirar farashin gero. Zoɓo ya fito da ɗumi. Ni kuma na tsaya gefe da mita a wuya, da shaidar turken shanu a gwiwoyina biyu, kowa ya kalla ya kau da kai, don gidan ba a cewa komai.

Bayan la'asar, baƙi sun fara raguwa amma ba su ƙare ba, Baffa ya sa aka kira ni gindin darbejiya. Na durƙusa. Ya tambaye ni cikin natsuwa, injin ne ko lissafin. Kafin in amsa Buba ya sa baki, kuma wannan karon ba da wasa ba, ya ce shi ya ji lokacin da muryar inji ta canza, ko dai wani abu aka jona a cikin gida wanda ba a lissafa da shi ba?

Ƙofa ce ya buɗe min, kuma duk lambobin suna kaina a jere. Da na faɗe su da na fita fes, har ma a ce malam ya gane hita daga nesa ba tare da ya gan ta ba. Sai dai faɗin su yana nufin in ambaci Inna a gaban maza da baƙi in ce ita ce, Baffa ya shiga gida da faɗa ranar biki. Yana kuma nufin wani ya tambaya wa ya jona dutsen gugar.

Na ce, "Ba abin da aka jona, Baffa. Lissafina ne bai yi daidai ba."

Wallahi ya yi min ciwo. Ban taɓa yin lissafin da ya kai wannan daidai ba, kuma shi na tsaya na ƙaryata a gaban mutanen da na yi shi dominsu. Baffa ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kiyaye gaba, sannan ya juya ya ce wa Buba in wani sha'anin ya taso ya ɗauko babban. Tun daga ranar, aikin da ake ba ni a gidan shi ne nuna wa baƙi inda za su ajiye babura. Buba kuwa ko lemo na ce guda biyar ne a faranti sai ya ce a sake ƙirgawa.

Washegari muka kama hanyar Dutse, Habiba tana bayan babur, gawar injin kuma tana biye da mu a motar haya. Ta ce Goggo ta ba ta saƙo. Wai Inna ta ce tun da ta ga filogi a hannuna ta gane abin da ya kawo ni. Ta tsaya ne tana jira in ce inji ba zai ɗauka ba ta kwashe dutsen gugarta ta tafi. Ita ba za ta fara ɗaukewa ba, kada ya zama ta raina aikin surukinta a gabansa. Da ta ji na jona, sai ta ce a ranta to shi ne malami, wataƙila ya san abin da ba ta sani ba.

Na tsayar da babur a gefen titi na ɗan zauna. Habiba ta ƙara da cewa Inna ta gaya wa matan gidan kaf cewa yaron nan yana da kunya, kuma a gidansu ba a taɓa ba wani suruki wannan shaidar ba, har mai ragon. Na tambaya ko shaidar tana gyara koyil, ta ce a'a.

Har gobe ina koyar da bolt sau amfiya, kuma har gobe daidai ne. Sai dai yanzu idan wani ya zo ya ce malam, wane girman inji zan nema don biki, nakan lissafa masa fankokinsa da lasifikarsa tsaf, sannan in tambaye shi mutum nawa ne a gidan waɗanda ba ya iya ce wa a'a. Kowane ɗaya nakan ƙara masa wat dubu biyu. In surukuwa ce, nakan ce ya je ya ɗauko wanda ake ja da mota.